Kwalba ta Bakwai

Ruwan ya iso Yamai cikin shuɗiyar jarka,
kwana uku a bayan mota daga gabas,
yana warin ruɓaɓɓen ƙwai da tsohon ƙarfe.
Saini ya sauke shi yana toshe hanci,
ni kuwa na jera kwalabe goma bisa tebur.

Aikin ba wuya a faɗe:
in gano ko sabulun da za a tura ƙarƙashin ƙasa
zai lallashi mai ya saki dutse.
Mai ya riga kakan kakana kwanciya a can,
ba ya tashi don an daka masa tsawa.

A ruwa mai tsabta sabulun nan gwani ne.
Ya riƙe mai da dama, ruwa da hagu,
ya zaunar da waɗanda ba sa ga maciji
a tabarma ɗaya.

Sai dai ruwan rijiyar mai ba ya zuwa shi kaɗai.
An zuba masa maganin tsatsa saboda bututu,
an bi da na kashe ƙwayoyin cuta,
an ƙara na hana gishiri daskarewa.
Kowanne da gaskiyarsa, kowanne an biya kuɗinsa.

Kwalba ta ɗaya lafiya lau. Ta huɗu ma haka.
Ta bakwai, wadda na ɗiga wa maganin tsatsa,
ta yi fari kamar tsinkakken nono.
Sabulu ya manta aiken da aka yi masa,
ya rungume baƙo, suka nutse tare.
Mai ya hau sama ya yi zamansa,
ko kallo ba su ishe shi ba.

Na tuna Inna Tabawa a Tawa,
ranar da aka ɗebo mata ruwan zartsi.
Ta cuɗa, ta cuɗa, kumfa ta ƙi tashi.
Ba ta zagi sabulu ba.
Ta tsoma yatsa ta kai baki,
ta ce, "Ruwan nan da abin da ya haɗiya."

Ƙarfe huɗu wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.
Na kai kwalbar bakin taga
ina duban laka mai laushi a gindinta,
kuɗi masu yawa kwance shiru.

Na rubuta a littafi: a rage ɗigo biyu,
a canza wanda zai fara shiga.

Saini ya ce, "In zubar?"
Na ce, bar ta ta kwana.
Cikin goman nan ita kaɗai ta yi mini magana.