Faifan Ruwan Sama

Kakana Evaristo ya yi shekara talatin da ɗaya
yana juya majigi a wata sinima ta Valparaíso,
can gindin tudu, inda jiragen ruwa ke kuka da asuba.
Sinimar yanzu wurin ajiye motoci ce.
Shi ya yi ritaya, idonsa ya ƙi.

Ran Asabar ya ce in miƙo masa sandarsa.
Muka gangara matakala ɗari da sha tara, ina ƙirgawa,
faifai guda a aljihun kwat ɗinsa,
naɗe cikin hankici kamar abin gado.

Shagon Nélida Quilodrán ƙunci gare shi.
Na'urorin DVD na jere a kanta, sun fara tsufa a zaune,
don kowa yanzu a waya yake kallo.
Ta jawo wata mai sheƙi, fitilu shuɗi da ja,
ta ce ga kyau, ga araha.
Kaka ya ɗaga ta da yatsu uku, ya yi tsaki.
"Gwangwani ne ya ci ado," in ji shi.
"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Ta biyu ya kifa ta, yana leƙen bayanta
kamar mai taya doki ya fara da haƙori.
Ina ramin wayar HDMI?
Ina hanyar da sauti zai rabu gida shida,
biyar su kewaye ɗaki, ta shida ta yi gurnani a ƙasa?
Za ta ci faifan da ɗana ke aikowa daga Malmö,
ko za ta ce baƙo ne, ba ta san shi ba?

Sai ya warware hankicin.

Dare ne a faifan, ana ruwa,
wata mace cikin baƙin mayafi a tsaye bakin gada.
Na'urar ta haɗiye mayafin da daren gaba ɗaya,
fuska kawai ta bari tana yawo.
Bakin matar ya rufe, maganarta na tafe a baya
kamar yaron da aka aika ya tsaya wasa.
Cikin akwatin kuma wani gunaguni na tashi.
"Baƙi ba iri ɗaya ba ne, Amparo," ya ce mini.
"Akwai na tufa, akwai na ruwa, akwai na sama.
Wadda ta kasa raba su, ƙarya take yi wa ido."

Ta uku toka-toka ce, ba fitila, ba ado,
tana can ƙarshen kanta kamar wadda aka manta.
Ta karɓi faifan shiru.
Mayafin ya fito daga cikin daren, har zarensa.
Ruwan ya fara daga hagu, ya ratsa ta bayanmu,
har Nélida ta waiwaya ƙofa da sauri,
ta tuna shanyarta a saman bene.
Waje rana ce tarwai.

Na ce, "To, gani ya kori ji."
Ya ce, "A majigi ba mai korar wani.
Tagwaye ne, tare suke shiga, tare suke fita."

Kuɗinta ya fi rabin fanshonsa.
Suka yi ciniki, biya uku,
ta rubuta a littafi, ta ƙara mana batirin rimot kyauta.

Hawan tudun ni na rungumi kwalin.
Sau huɗu muka huta.

A gida lasifika ɗaya ta hau firiji,
ɗaya kan keken ɗinkin marigayiya kakata.
Ya zaunar da mu a gaba, ni da maƙwabta biyu,
ya kashe fitila.
Da ruwan ya sauko na juya neman sa.
Yana can baya, jingine da bango, a tsaye,
inda ya saba,
yana kallon ƙeyarmu.