Rigar Dakta Nuratu

Ni tela ne a Kwarbai.
Kakana aska takwas yake zanawa a ƙirjin manya,
ni kuwa farar rigar likitoci nake yankawa:
aljihu uku, maɓalli huɗu,
suna da shuɗin zare daidai saitin zuciya.

Daren Talata numfashin Iya ya sarƙe.
Muka ɗauki shatar mota sai Shika,
ta Ƙofar Doka, ta Samaru,
ledar ɗinki a cinyata, ruɗewa ta hana ni ajiyewa.

Biyu saura, wani saurayi ya shigo a guje,
jallabiya ruwan toka, silifa wari da wari,
sawun matashin kai bai bar kumatunsa ba.
Ya kai hannu wuyanta,
ta ja mayafi, ta ba shi ƙeya:
"Ku kira mini likita.
Wannan ai yaron mai shayin bakin asibiti ne."

Ya ce, "Iya, ni ne."
Ta ce, "Kai ne wa?"
Nas ta rantse, Iya ta toshe kunne.
Can mai tura gado ya gifta cikin fararen kaya,
ta ɗaga yatsa da ƙyar: "Ga shi can."

Na dubi saurayin.
Karatun shekara bakwai
yana tsaye a gefen gado, an hana shi wurin zama.

Sai na kwance leda.
Sabuwa fil, da sauran ƙamshin guga.
Hannu ya ɗage masa, kafaɗa ta matse,
ga aikina a ƙirji: Dakta Nuratu.
Ya karanta, ya haɗiye dariya, ya ɓalla maɓalli.

Iya ta yaye mayafi da kanta.
"Yawwa likita, tun ɗazu nake jira.
Wani yaro ya so ya taɓa ni."
Ya ce, "Na kore shi, Iya. Ja numfashi."

Kafin assalatu ƙirjin ya sake.
Ya ninke rigar, ya miƙo mini hannu biyu,
ya fita da jallabiyarsa,
ya wuce masu gadi, ba wanda ya ce masa sannu.

Ran Alhamis na kai wa mai ita, an wanke, an goge.
Ta ce, "Ka makara, tela."
Na ce, "Yi haƙuri, rigarki ta riga ki kama aiki."

Har yau Iya na yi wa likitanta addu'a,
tana kuma neman shiriya ga yaron mai shayi.
Ni dai amin nake cewa, sau biyu.