Kundin Maki na Mai Wurno

Ni ban taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba.
Gajere ne ni, ƙafar hagu kuma tana ja.
Sai Ustaz Nurain ya miƙo min biro da littafi mai koren bango,
ya ce, "Badamasi, zauna gindin dalbejiyar can,
duk abin da ya faɗa kwando, kai ne shaida."
Shekara talatin da ɗaya ke nan ina shaida.

Shafin farko, damina ta lashe gefensa.
Makarantu huɗu ne kacal a lokacin:
mu, da Sinja, da Sinnar,
da 'yan Suki masu zuwa a bayan motar riɗi,
su diro suna kakkaɓe wando, suna tambayar ina randa.
Ƙarfen kwandon, maƙerin kasuwa ya lanƙwaso shi daga rodin gini,
ragar kuwa wani masunci ya yanko mana daga tsohon tarunsa,
har aka tashi wasa tana ƙarnin Nilu.
Sinja ta ci mu, ashirin da shida da sha tara.
Na rubuta. Hannuna bai so ba.

Sili ɗaya ƙwale ce gasar, ba ta san sabo ba,
ka faɗi yau, sai baɗi in da rai.
Shekara bakwai kofin yana kwana Sinnar
kamar an ɗaure masa ƙafa a jikin madatsar ruwa.
Sai ga shekarar Tukur Zangarniya,
yaron da ya miƙe a damina ɗaya kamar karan dawa,
takalmin ƙanin babansa a ƙafa, an cusa auduga a baki.
Saura daƙiƙa uku, ana binmu ɗaya,
ya saki ƙwallo daga inda ba a saki.
Ta zaga bakin ƙarfe,
ta sake zagawa tana shawara,
mai shayi ya manta buta tana tsiyaya a ƙafarsa,
ta faɗa.
Duba nan, ka ga inda biro ya huda takarda.
Daren nan an yi ihu da Hausa, an maimaita da Larabci,
kofin ya sha zoɓo gida-gida.

Akwai shekarar da kogi ya tumbatsa ya shanye fili,
na rubuta "ruwa" a gurbin zakara.
Akwai wadda usur ya ɓata,
alƙali ya yi hukunci da murfin tukunya da ludayi.
Ga kuma ranar da 'yan mata suka shigo:
Ikhlas 'yar Sa'adu ta ɗaure mayafi tamau,
ta zuba sha takwas ita kaɗai,
dattawan da suka zo hanawa suka ɓuge da ƙirga mata.

Huɗu ta zama sha shida.
Aka malala siminti, aka ɗauko sabon allo daga Madani,
yaran da na rubuta suka kawo min 'ya'yansu na rubuta.

Shafukan ƙarshe fari fat.
Tun da bindiga ta karɓe usur,
azuzuwa suka cika da masu gudun tsira,
an kafa murhu a da'irar tsakiya,
an ja igiyar shanya daga wannan kwando zuwa wancan.
Tukur na Jidda yana dakon kaya,
Ikhlas na ɗaure raunuka a Gadarif,
kofin na ƙarƙashin gadona, uwargida na ajiyar zare da allura a ciki.

Jiya bayan la'asar
wata yarinya cikin baƙin ta dunƙule tsumma da leda,
ta ɗage zanin da ke shanye,
ta auna, ta jefa.
Ta waiga ko wani ya gani.
Na laluba aljihu, biron ya bushe,
na hura masa numfashi, na goga shi a tafin hannu.
Ban san sunanta ba, balle makarantarsu.
Na dai rubuta: biyu.