Bayan Littafin Bashi

Shekara goma sha tara ina sayar da rodi da siminti a Panteka,
hannuna ya san nauyin ƙarfe tun sikeli bai faɗa ba.
Sau biyu na karye.
Na farko ruwan Agusta ne ya shiga sito.
Na biyu kunya ce ta cinye ni,
bakina bai iya ce wa ɗan unguwa a'a ba.

A bayan littafin bashi na fara,
can inda sunaye suka ƙare,
bayan Jatau mai walda, bayan Alhaji Barau da gobensa da ba ta wayewa.
Na rubuta: mai ba da bashi don kunya
da kuɗinsa yake sayen gaba.
Na daɗe ina kallon layin.
Shi ne hajata ta farko da ba ta tsatsa.

Daga nan dare ya zama shagona na biyu.
Bayan isha, in yara sun kwanta, in an ɗauke wuta,
sai in jingina waya da gwangwanin madara
ta haska mini takarda,
sauro yana karɓar la'adarsa a ƙafata.
Wani daren shafi uku.
Wani daren kalma shida, in soke huɗu.
Lantana ta leƙo ta ce, "Malam, ka yi tagumi
kamar mai bin bashi a ƙofar wanda ya yi ƙaura."

Malama Tasalla mai gyaran rubutu a Unguwar Sanusi
ta riƙe jan biro kamar wuƙar mahauci,
ta fede ni shafi arba'in.
"Nan wa'azi kake yi. Nan kuma wanke kanka kake yi.
Ina ranar da ka kulle shago da hantsi
ka zauna bakin kogi har magariba don kada a gan ka?
Ita muke so."
Na yi fushi kwana tara.
A na goma na rubuta ta.

Mai ɗab'i a Kakuri ya ce takarda ta yi tsada, tawada ta yi tsada.
Na sayar da babur.
Kwafi ɗari biyar suka iso a keke,
na buɗe ɗaya, na shinshina shi kamar sabon jariri,
na ga sunana a jiki, na ji kunya, na ji daɗi.

To, ga abin dariya:
babi guda na yi kan yadda ake jawo mai saye,
ga kwali goma sha ɗaya a ƙarƙashin gado
suna sauraron minsharina.
Abokai suka ce a ba su na albarka.
Jatau ma ya ɗauki ɗaya.
Bashi.

Sai wata Laraba a tashar Kawo,
na ga littafina kusa da kaskon awara,
mai ya ɓata bangon, an naɗe shafi na sittin da uku.
Mai awarar, Saratu Dogara, ta dubi hoton, ta dube ni.
"Kai ne? To zauna, ka yi kuskure.
Ka ce kada a ba da bashi.
Ni direbobin nan ne jarina,
su ci da safe, su biya in sun juyo daga Zariya.
Ka taɓa sayar da abin da ke tsami kafin la'asar?
Rodi ai ba ya ruɓewa."

Na zauna a bencinta har awarar ta ƙare,
ina rubutu a bayan rasit.
Ba ta karɓi kuɗin wadda na ci ba.

Da dare na buɗe sabon littafi mai layi,
na sa sunanta a saman shafin farko,
a gurbin da ake sa wanda ke bin ka.