Farantin Eliseo

Shekara sha tara ina riƙe da ludayi
a kicin ɗin wata makaranta a Valparaíso,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su hango jiragen ruwa.
Karatuna bai yi nisa ba. Faranti nake karantawa.

Na Eliseo, a da, da ƙyar yake buƙatar wanki.
Yakan suɗe miyar wake har cokali ya yi kuka,
ya ɓoye gutsuren burodi a aljihun hagu
saboda wata karya mai kunne ɗaya
da ke jiransa a bakin ƙofa.
Canela yake ce mata.

A watan Mayu, da sanyi ya taso daga teku,
farantin ya dawo da rabi.
Na ce ko gishiri ne ya zarce.
Washegari ya dawo a cike,
cokali kwance a gefe kamar wanda aka yi wa faɗa.
Mako biyu. Mako huɗu.
Canela ta shinshina aljihun hagu,
ta juya, wutsiya tana sharar ƙasa.

Sai ciwon ciki kowace safiya,
an duba, an latsa, ba a ga komai ba.
Ƙarfe goma ya kifa kai a tebur,
idanu jawur, kamar dare ya ƙi karɓarsa.
Shi da ba a raba shi da tsaron gida a filin ƙwallo
ya bar raga a buɗe, ya zauna jikin katanga
yana tsinke zaren rigarsa.
Ran nan Baltazar ya taɓa masa fensir kawai,
ya fizge, ya karya shi biyu,
sannan ya fashe da kukan da ya fi ƙarfin fensir.

Wani ya ce lalaci ne, wata ta ce tsiwa.
Mai gadi ya ce, ɗan shekara tara,
haya yake biya da zai san damuwa?
Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza.

Na kira shi ya taya ni wanke dankali.
Ban tambaye shi komai ba.
A na bakwai, kansa a sunkuye, ya ce:
“Doña Herminia, ba inda ke mini ciwo,
amma komai nauyi gare shi, har takalmina.”
Can kuma, ƙasa-ƙasa:
“Da ba ni, da kowa ya huta.”

Na rufe famfo.
Bakina ya so ya ce haba, share, kai da ke yaro.
Na haɗiye.
Na ce, na ji ka. Tun yaushe?
Kuma ban bar maganar ta kwana ba.

Malama Ximena ta kira uwarsa.
Rayén ta zo daga kasuwar kifi,
ɓawon kifi na walƙiya a wuyan hannunta.
Ta ce, na ɗauka hankali ya yi,
har godiya nake, ya daina hayaniya.
Ta toshe baki da gefen gyale.
Na ce, ba laifinki ba ne, ba kuma nasa ba.

Yanzu duk Alhamis suna gangara tudun
zuwa wurin likitar da aikinta sauraron yara.
Ba sha yanzu magani yanzu ba ne.
Wata rana farantin yakan dawo yadda ya tafi,
in zuba wa kaina haƙuri, in wanke.

Amma jiya ya ci loma shida, na ƙirga.
Ya juya burodin a hannu, ya daɗe yana kallonsa,
sannan ya gutsura,
ya kai aljihun hagu.
Na juya ga tukunya da sauri
don kada ya ga na gani.