Rodi a Cikin Katako

Ƙarfe uku na dare, ɗakin gwaji a Trondheim.
Ragnhild Tveiten ce kaɗai a farke, sai injin.
A waje dusar ƙanƙara ta binne kekenta har sirdi.

Katakon falle tara ne, an manne su sun zama jiki guda.
Ita ta huda ramin da hannunta,
ta hure garin da ya maƙale,
ta ɗura gam, ta zura rodi mai kaurin babban yatsa,
ta ba su kwana bakwai su saba da juna.

Yanzu injin na ja, yana saki.
Ja, saki. Sau biyar kafin ka haɗiye yawu.
Ba wani ja ba ne na a zo a gani,
ko rabin ƙarfin rodin bai kai ba.
Babban kaya na rana ɗaya, an san ƙarshensa.
Ƙaramin da ba ya fashi fa?
Gadar da za a gina a kwari,
motar madara za ta taka ta kullum da asuba
har jikokin direban su yi furfura.

Mahaifinta Eilif jiragen ruwa ya sassaƙa.
Yakan ce, "Ƙusa dai ina ganin kanta.
Gam ɗinku, wa ya leƙa ramin?"
Shekara shida ke nan tana ɗaga shi
daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa gado.
Ba shi da nauyi. Kilo hamsin da biyu.
Ba ta taɓa cewa wash ba,
sai dai kafaɗar hagu ta fara magana da dare.

Miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da 'yan kai.
Ƙas.
Kamar an taka busasshen ƙirare.
Injin ya tsaya da kansa.

Ta haska fitila.
Rodin bai karye ba. Gam bai saki ba.
Ga shi ya fito sanye da rigar zaren itace:
naman katakon da ke gefe,
wanda ba a tambaye shi komai ba,
shi ne ya gaji.

Ta rubuta lamba, ta rubuta lokaci,
ta rubuta damshin katako, sha biyu cikin ɗari.
Ta murza kafaɗa.
Ƙarfe bakwai Eilif ke tashi,
kuma sai ta tone keken tukuna.