Madubin Hagu

Ginshiƙin ƙofar gareji ne ya ci shi,
ran Talata da asuba, ina ja da baya
da kwandon cuku goma sha biyu a cikin Kombi.
Ƙas! Ba wata ƙara mai yawa.
Na leƙa, sai ga layinmu ya rabu gida bakwai,
kowane yanki da nasa gajimare.

Motar ta girme ni da shekara huɗu.
Shuɗiya ce daga ƙasa, samanta launin madara.
Babana ya saye ta hannun wani limamin coci,
ya hau da ita kowane tudu na Minas,
tana tari, yana yi mata magana.

Shagon kayan gyara uku na zaga.
Yaron kanti na ƙarshe ya duba kwamfuta, ya murmusa:
"Dona Ivonete, irin wannan sai gidan tarihi."

Sai na nufi Seu Anacleto mai yankan gilashi,
can bayan tashar da jirgi ya daina zuwa.
Yatsunsa duk tabon tsofaffin yanka.
Ya kwance kusa ɗaya, ta biyu ta yi gardama,
tsatsa ta riƙe mata wuya.
Ya ɗiga mata mai, ya zuba kofi, ya zauna.
"Ƙarfe ma yana son lallashi," in ji shi.

Zoben robar ya bushe, ya yi taurin kai.
Ya jiƙa shi a ruwan zafi
har ya saki jiki,
ya bi gefensa da bakin tsohon cokali.
Ɓarɓashin ya zubo kan jarida,
ina ganin idona a cikinsu, ƙanana, da yawa.

A bayan gilashin, inda ba mai dubawa,
kwalin taba ne a ninke,
an yi masa matashi da shi
kada ya riƙa rawa a hanyar duwatsu.
Ga rubutun fensir a jiki. Na san hannun.
"Maris 1989. Anacleto. Ban biya ba tukuna."

Ashe ba ni na fara ba.
Mutumin da ya hana ni makulli wata shida
don na goge masa bamba da bishiyar lemo,
shi ma ya taɓa jin wannan ƙas ɗin,
ya ja bakinsa ya yi shiru har kabari.
Tsohon ya yi dariya har da tari.
"Akuya ce ta ba shi tsoro, wai.
Har yau ina bin sa."

Ya ɗora ƙoƙon madubin kan takarda, ya zana,
ya jawo ragowar madubin wata kabad,
ya ja lu'ulu'un yanka sau ɗaya tak,
ƙiii, kamar kukan gyare,
ya ɓalle shi da babban yatsa.
Ya goge kaifin a dutsen wasi, ruwa na ɗiga.
Na ce a mayar da kwalin inda yake.
Ya mayar.

Na biya kuɗin biyu. Ya ƙi, na ajiye kan benci,
na danne su da kofin kofi.

Da na zauna bayan sitiyari
sai ya kama madubin daga waje:
"Faɗa mini in ya yi."
Shekara tara ke nan da rasuwar Baba
ban taɓa karkata shi ba.
Shi dogo ne. Ni nake miƙa wuya
in ga hanya daga inda idonsa yake.

"Ƙasa kaɗan," na ce.
"Ƙara. Ciki kaɗan."
Sai ga layin dogo, ga kare kwance a inuwa,
ga gefen motar, shuɗi, da ɗan lotsawarsa.

"Ya yi?"
Na daɗe ban amsa ba.
Rana ta fara zafi, cukun yana jira,
kasuwar Tiradentes ba ta jiran kowa.
"Ya yi. Ɗaure."